Anti Mai Shara da Kujerar Shiru

Ƙarfe bakwai na safe ta ɗan gota, ruwan da aka kwana ana yi ya tsagaita, sai yayyafi marar ƙarfi da ke sauka a kan rufin motoci. A irin wannan lokaci, duk wanda ya tsaya a bakin ofishin da ke hawa na biyu zai ji takun mutum ɗaya yana hawowa a hankali, da ɗan hutu a tsakiyar matakala saboda gwiwa. Anti Mai Shara ke nan. Lema na ɗiga a hannunta, jaka a kafaɗa, tabarau ya yi raɓa. Ta kama hannun sabuwar ƙofar gilashin da aka sa kwanan baya ta ja, ƙofa ta ƙi, ta yi ɗan tsaki ta tura. Kowa a ofishin nan sai ya ja kafin ya tuna turawa ake yi.

Ita ke fara buɗe tagogi. Ta jona butar shayi, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta zauna gaban kwamfuta, sannan ta yi abin da ta saba yi shekara da shekaru kafin ta taɓa ko harafi ɗaya: karatu. Leɓɓanta na motsi, yatsa na bin layi a kan allo, wani wuri ta gyaɗa kai, wani wuri ta ce "a'a" ita kaɗai kamar mai kwaɓar yaro. Ƙarshen makon nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata ta sauka daga matakalar nan ba tare da an gaya wa jama'a ko wace ce ba.

Kada sunan ya ruɗe ku, ba tsintsiya take riƙewa ba. Injiniya ce, kuma ta gaske. Kamfanin da take yi wa aiki yana ƙera wata 'yar na'ura da ke kula da firjin ajiye magani a ƙananan asibitoci, ta kunna, ta kashe, ta tabbatar sanyi bai yi yawa ba bai kuma yi kaɗan ba. A cikin na'urar akwai manhaja, a ƙarƙashin manhajar kuma akwai wani rubutu da suke ce wa tushe. Shi ke magana da ƙarfe kai tsaye. Shi ke raba wa ayyuka lokaci, ya ce wannan ya jira wancan ya wuce, ya ba kowa wurin ajiya, ya karɓe in an gama. Mai amfani da firji ba zai taɓa ganinsa ba, amma in ya yi tuntuɓe, magani ya lalace.

To, a can ƙasan nan Anti take aiki. Ba ta ƙara wa na'ura sabon abu da za a nuna wa baƙi a tafa. Aikinta shi ne ta mayar da rubutun nan abin da mutum zai iya karantawa ya gane. Ta canza sunan da bai faɗi komai ba zuwa wanda ya faɗi aikinsa, ta raba dogon sashe mai hawa da gangara zuwa gajeru, ta rubuta dalili a inda dalili ya ɓuya. Oga ne ya laƙaba mata sunan, wata rana da ya leƙa aikinta na mako ya ga abin da ta goge ya fi abin da ta rubuta. Cikin raha ya ce ashe mai shara suka ɗauka. Ta ce ta karɓa, ya dai lura kada ya zubar da ɓawo a inda ta share. Daga ranar suna ya bi ta, har masu kawo saƙo da shi suke nemanta.

Wanda ya rubuta tushen nan tun farko mahaifina ne, wanda duk ofishin ke kira Baba. Ni autansa ne, walda na koya, ban yi nisa a boko ba, don haka abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin waɗanda aka yi a gabansu, da abin da muka gani a gida.

Baba ya yi rubutunsa ne lokacin da kamfanin bai wuce ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara ba. Shi kaɗai ne, ba mai karantawa sai shi, saboda haka duk abin da ya buƙaci suna sai ya waiwayi gidansa ya ɗauko. Akwai saƙon gaggawa da ke faɗowa daga ma'aunin sanyi ba sallama, dole kowane aiki ya tsaya a saurare shi. Baba ya sa masa suna kawu, don haka kawunmu yake zuwa. Akwai makullin da ke hana ayyuka biyu shiga ma'ajiya ɗaya a lokaci guda. Wannan suruka ce, ba a wucewa sai da izininta. Akwai wani aiki mai cin wurin ajiya da yawa, ba ya kuma mayar da kwano sai an bi shi. Sunansa auta. Ban ce komai ba a kan wannan, Allah dai yana gani. Haka rubutun ya cika da goggo da maƙwabci da ɗan haya, ga lambobi tsirara a ko'ina ba mai sanin daga inda suka fito. Na'ura kuwa tana aiki lafiya lau, don ita ba ruwanta da suna. Mutane ne suka rasa ƙofar shiga. Injiniyoyi masu kaifin kai sun zo sun zauna gaban rubutun, sun karanta cewa kawu ya jira suruka kafin ya taɓa goggo, sun tashi suna riƙe da kai.

Ana dariyar abin har ranar da idon Baba ya fara ba shi matsala. Likita bai ɓoye masa ba: in bai rabu da hasken allo ba, ɗan ganin da ya rage ma zai tafi. Baba ya yi niyyar ajiye aiki, amma ina. Duk firjin da ya yi gardama a ko'ina, wayarsa ce ke kuka. Ranar da muka kai shi a duba idon, yana kwance an ɗiga masa magani, waya na ruri a aljihunsa. Ya koma ofis da gilashin ƙara girman rubutu a hannu, hancinsa kusan yana taɓa allo. Yayarmu ta yi faɗa har ta gaji, ta ɓoye masa makullin mota, ya hau ta haya. Amsarsa kullum ɗaya ce: akwai allurar yara a cikin firjin nan, in ya zauna a gida wa zai karanta?

Oga ya kawo shawarar a zubar da tsohon rubutun a sake sabo. Anti ta nuna masa cewa kafin sabo ya yi ƙwarin da za a amince masa, idon Baba ya gama tafiya, don duk tsawon lokacin shi za a ci gaba da kira. Ta ce ita abu uku take so: safiyar Baba, kujera ɗaya, da mutumin da bai taɓa ganin rubutun ba. Aka ba ta wata yarinya da ta gama karatun injiniya ba da daɗewa ba, wadda har yau Baƙuwa ake ce mata ko da yake ta zama 'yar gida.

A nan ne aka haifi Kujerar Shiru, kuma wallahi duk wanda ya ga abin sai ya ba da labari. Anti ta ɗauki kujerar ta juya ta ta fuskanci taga, bayanta ga allo. Ta zaunar da Baba, ta miƙa masa kofin shayi, ta gaya masa dokar: Baƙuwa za ta karanta rubutun da ƙarfi, ta faɗi abin da ta fahimta, shi kuma ba zai ce uffan ba. Duk inda ya kasa haƙuri ya buɗe baki, wurin bai sharu ba, sai ta sa alama. Baba ya ce wannan ai wasan yara ne. Ba a yi nisa ba Baƙuwa ta ce ga alama ɗan haya shi ke kashe injin firji, Baba ya zabura har shayi ya zube masa a riga.

"Wane irin kashe inji! 'Yar nan, ɗan haya ai wuri yake ara ya mayar."

"Alama ta ɗaya," in ji Anti, ko ɗago kai ba ta yi ba. Yaya take kiran Baba don girmamawa, shi kuma ya ce mata ƙanwata. "Yaya, a ƙaro shayi?"

Da ya ga magana na jawo alama sai ya koma dabara. Ya yi tari, ya yi gyaran murya, ya buga ƙafa a ƙasa. Anti ta ce tari ma magana ce, ta sa alama. Ya ce maƙogwaronsa ne ke ƙaiƙayi, ta ce to ta sa wa maƙogwaron. Masu aiki a tebura na kusa suka riƙa sunkuyar da kai suna dariya a cikin hannun riga. Baba mutum ne da ko a gida ba a gama ba da labari a gabansa bai gyara ba, yau ga shi an ba shi taga yana kallon tattabaru.

In an tashi daga karatu sai ta juyo da kujerar, ta zauna kusa da shi, ta bi alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayarsa me layin yake yi kawai, sai ta tambaye shi me ya sa. Wata lamba da ke zaune tsirara a wurare da dama, ashe tsawon hutun da injin firji ke buƙata ne kafin a sake kunna shi, in ba haka ba ya ƙone. Baba ya gano haka ne bayan ya ƙona inji a hannunsa, amma bai taɓa rubuta wa kowa ba. Anti ta ba lambar suna, ta ajiye ta wuri ɗaya, ta rubuta dalilin a samanta da kalmomin da ko sabon zuwa zai gane. Kawu ya koma saƙon ma'aunin sanyi. Suruka ta koma makullin ma'ajiya. Ni ma aka sallame ni daga cikin na'ura, na kuwa yi godiya.

Abin da ya fi burge waɗanda suka san aikin shi ne taka-tsantsan ɗinta. Ba ta yarda shara ta canza halin na'ura ko da ƙwayar zarra. In suna kawai ta canza, sai ta juya rubutun zuwa harshen na'ura ta gwada shi da na jiya, dole su fito iri ɗaya sak. In ta raba sashe, sai ta ɗora shi a firjin gwaji da ke kusurwar ofis ta zuba masa ido. Kuma kaɗan-kaɗan take yi, canji ɗaya da bayaninsa, yadda mai dubawa ba zai gaji ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Wata rana Baƙuwa ta hango kuskure na gaske a tsakiyar sashen da suke sharewa, ta yi murna, hannunta har ya kai kan madannan kwamfuta. Anti ta dafa mata hannu ta ce ta rubuta shi gefe, su gama shara tukuna. Ta ce in suka cakuɗa gyara da shara, gobe abu ya lalace, ba wanda zai san wanne ya jawo. Baƙuwa ta ce ranar ta ji haushi, amma yanzu ita ke dafa hannun wasu.

Alamomi suka yi ta raguwa. Baba ya fara shanye shayinsa da zafinsa. Saura wuri ɗaya.

A cikin tushen akwai wani sashe da ke zagayawa yana duba ko kowane aiki yana numfashi. Dole kowa ya amsa masa a kan lokaci. In wani ya yi shiru, sai ya tashi na'urar gaba ɗaya ta fara daga farko, don kada firji ya sandare ba wanda ya sani. Baba ya sa wa wannan sashe suna mama. Mahaifiyarmu ce, Allah ya ji ƙanta. Haka take bin ɗakuna tana kiran sunan kowa, ba ta zama sai ta ji muryar kowa. Duk lokacin da karatu ya iso nan, Baƙuwa ta tsaya tana lalube, Baba ya buɗe baki. Anti ta sa alama, ya ce ta goge, wannan ba za a taɓa ba. Ba ta ja da shi ba. Ta share gabansa, ta share bayansa, ta bar shi a tsaye shi kaɗai har sai da ya zama shi ne alama ta ƙarshe a duk rubutun.

Ran nan da hantsi, bayan Baƙuwa ta sake tsayawa a wurin, Anti ta ce mata ta je ta sha iska. Ta jawo kujera ta zauna gefen Baba, su biyu suna kallon taga.

"Yaya," ta ce, "in ka bar ta da wannan suna, kai kaɗai ka san aikin da take yi wa gidan nan. In ka bari na rubuta, duk wanda ya zo bayanmu zai sani."

Baba ya juya kofi a hannunsa. Can ya ce, "Ƙanwata, rubuta. Amma ni zan faɗa."

Shi ya ba da sabon sunan da bakinsa: mai duba numfashin ayyuka. Anti ta rubuta, ta bayyana aikinsa a sama yadda ta saba. Sannan ta ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin bayanin, cewa wanda ya fara rubuta wannan sashe mama ya kira shi, domin ba ta zama sai ta ji muryar kowa. Ta karanta masa. Ya ce shayin nan ya cika zafi, ya sa masa ruwa a ido.

Ba a jima ba gwajin gaske ya zo da ƙafarsa. Aka bugo daga wani asibiti cewa firjinsu yana ta kashe kansa yana tashi, sanyi na raguwa, ga magani cike. Oga ya fito da sauri yana kiran Baba, Baba ya miƙe yana laluben gilashinsa. Anti ta riga shi, ta ɗauke gilashin ta sa a jakarta, ta juya kujera ta fuskanci taga.

"Zauna, Yaya."

"Ƙanwata, wannan ba karatu ba ne, magani ne fa."

"Na sani. In ta kasa, ni da kaina zan juyo da kai."

Oga ya buɗe baki, ta dube shi ta saman tabarau, ya rufe. Ta ce wa asibitin su kwashe maganin zuwa akwatin ƙanƙara kafin a gama, sannan ta ce Baƙuwa ta karanta. Yarinya ta fara. Ta bi mai duba numfashi ta ga wane aiki ne bai amsa ba. Ta bi aikin ta tarar yana tsaye yana jiran makullin ma'ajiya. Ta tambayi kanta wa ke riƙe da makullin, ta bi sunan, sunan ya kai ta. Ashe in wayar ma'aunin sanyi ta yi sako-sako, saƙonni sai su yi ta faɗowa ba ƙaƙƙautawa, aikin da ke riƙe da makulli ya kasa samun sararin gamawa ya saki. Waɗanda ke wurin sun ce Baba ya damƙe kofi da hannu biyu, wuyansa har ya yi jijiya, amma ko tari bai yi ba.

Baƙuwa ta ce a gaya wa asibitin su ɗaure wayar ma'aunin, ita kuma za ta rubuta gyaran da zai hana saƙonni yin ambaliya, daban, ba tare da shara ba. Aka ɗaure waya. Firji ya tsaya da ƙafarsa. Ofis ya kaure da tafi, Oga ya rungume firjin gwaji don shi ne kusa da shi. Sai a lokacin Baba ya juyo da kujerarsa da kansa, ya ce ashe kawu ne, dama kawun in ya zo bai san ya tafi ba. Baƙuwa ta ce, "Wane kawu, Baba?" Ya yi dariya har da buga cinya, don ya gane har ta manta da tsohon sunan, ba ta ma buƙatarsa.

A makon da abin ya faru Baba ya kwashe kayansa. Yau yana gida, yana ganin fuskar jikokinsa, yana ganin layin da na karkace in na yi walda, yana kuma faɗa. Wayarsa na kan tebur, in ta yi kuka to abokan hira ne.

Anti, ke ce kika yi wannan. Ke ce kika zauna shekaru a can ƙasa inda ba a tafi, kina goge abin da ya rufe hanya, sunanki bai fito a jikin akwatin na'ura ba, ba a kira ki gaban baƙi ba. Ke ce kika san cewa rubutu ba don na'ura kaɗai ake yinsa ba, har da mutumin da zai zo gobe cikin gaggawa da faɗuwar gaba. Mai shara da ba ta tayar da ƙura, mai haƙurin jiran alama ta ƙarshe! Ba Baba kaɗai kika sallama ba. Bayansa kin zaunar da injiniyoyi da yawa a kujerar nan, har da Oga, har da ke kanki, don kin ce rubutunki ma bai fi ƙarfin shiru ba. Mun gode, Anti. Yayarmu ta ce a gaya miki ta mayar wa Baba makullin mota, sai dai ni ke tuƙi. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki huta hutun da ba waya a cikinsa.

Ku kuma masu wannan sana'a, da ma waɗanda ba ita suke yi ba, ku gwada abin nan ko sau ɗaya. Ku juya kujera, ku ba wani aikinku ya karanta, ku kama bakinku. Inda kuka kasa yin shiru, nan aikin ya rage. Kada ku bari sai ido ya gaji kafin ku rubuta dalili.

Jiya da yamma na kai Baba ofis ya yi mata sallama. Suka sha shayi, suka yi ta tsokanar juna, ya ce har yanzu tana riƙe da gilashinsa, ta ce ba za ta bayar ba. Da aka tashi, mutane suka yi gaba suna hira a matakala. Ita ce ta ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofar gilashin nan, ta buɗe jaka ta ciro ɗan farin tef da alƙalami mai kauri, ta rubuta TURA, ta manna daidai saman hannun ƙofar ta waje, ta shafe gefensa da babban yatsa. Ta ɗauki lemarta ta fara sauka a hankali.

Ba ta kai tsakiyar matakala ba sai ga Oga ya dawo da gudu, ya manta wayarsa. Ya wuce ta, ya tura ƙofa, ta buɗe, ya shige abinsa.